Kukan Bature a Ƙasar Tailan

Duk wanda ya taɓa shiga babban ofishin shige da fice na Chaeng Wattana, a arewacin Bankok, babban birnin Tailan, da sassafe, ya san irin mutanen da ke cika kujerun wurin. Cikinsu akwai dattawan Turawa da yawa, wasu kai ya yi fari fat, wasu na dogara sanda, kowa rungume da jakar takardu yana jiran a kira lambarsa. A jakar akwai kwafin shafukan fasfo, kowane shafi da sa hannu, da wasiƙar banki, da littafin ajiya, da taswirar hanyar gidan mutum wadda ya zana da hannunsa. Wanda ya auri 'yar ƙasar kuwa sai ya haɗa da hotunansa shi da matar, ɗaya a ƙofar gida ana ganin lambar gidan, wasu a cikin ɗaki, don jami'i ya gamsu cewa auren na gaske ne. Zai biya baht (kuɗin ƙasar) 1,900, a buga masa hatimin zaman shekara guda. Baɗi war haka ya dawo a sake daga farko. A tsakanin nan kuma, duk kwana 90 sai ya sanar da hukuma cewa yana nan inda ta san shi. In ya makara, tarar baht 2,000 na jiransa.

Mutanen Tailan suna kiran farar fata “farang”. Kalma ce tsohuwa, masana na danganta ta da “farangi” ta Farisanci, kuma da ita suke kiran gwaiba. Yaro a ƙauye zai hango shi ya yi ta kiran “farang, farang”, yadda yaranmu ke yi idan sun ga Bature ya ratso unguwa. Babu zagi a cikinta. Abin da ke damun masu ɗauke da sunan shi ne ba ya goguwa. Mutum ya shekara 30 a ƙasar, ya haifi 'ya'ya, ya yi jikoki, yana nan dai farang.

Na daɗe ina bibiyar koke-koken waɗannan mutane, kuma na lura sukan zuba su duka a kwando ɗaya: takardun biza, farashi biyu, hana mallakar fili, ganganci a kan titi, hayaƙin ƙona gonaki a Chiang Mai daga Fabrairu zuwa Afrilu, da mutanen da za su ce maka “to” alhali a ransu “a'a” ce. Ni a ganina kwandon nan sai an tsince shi. Yawancin abin da ke ciki rabon kowane baƙo ne a ko'ina cikin duniya, sai dai Bature bai saba ɗanɗanarsa ba, shi ya sa ya ji ɗacinsa fiye da kowa. Amma a ƙasan kwandon akwai ciwo na gaske, kuma hayaniyar ƙananan ƙorafe-ƙorafe ce ke hana a ji shi.

Ƙorafin da ya fi tashi shi ne na farashi. A gandun dajin Khao Yai, baligi ɗan ƙasa yana biyan baht 40, baƙo ya biya 400. A babbar fadar sarauta ta Bankok baƙo na biyan 500, ɗan ƙasa ya wuce kyauta. A wurare da dama ana rubuta farashin 'yan ƙasa da lambobin harshen Tai, waɗanda baƙo ba ya iya karantawa, na baƙi kuma da lambobin da kowa ya sani. Wannan ɓoye-ɓoyen ni ma ba na son sa. Wanda ya yarda da adalcin abin da yake yi ya rubuta shi a fili. Amma bambancin farashin kansa ban ga aibunsa ba. Mafi ƙarancin ladan aikin yini a Tailan a 2025 bai wuce baht 400 ba, kuma wannan a manyan wurare ne irin su tsibirin Phuket da Bankok. A wasu larduna bai kai haka ba. Ke nan abin da Bature ke kuka a kansa a ƙofar daji, guminsa na yini guda cur ne ga lebura. Da za a sa wa kowa 400, leburan nan da 'ya'yansa ba za su taɓa ganin dajin ƙasarsu ba. Da za a sa wa kowa 40, harajin talaka ne zai riƙa tallafa wa hutun mutanen da suka fi shi arziki ninki-ba-ninki, a ƙasar da ta karɓi masu yawon buɗe ido kusan miliyan 40 a 2019. Inda na tsaya da masu kuka shi ne a kan baƙon da ke aiki a ƙasar yana biyan haraji. Shi kam ya kamata takardar harajinsa ta wadatar a ƙofa, ba a bar shi ga ra'ayin mai sayar da tikiti ba.

Sai maganar fili, wadda ta fi zafi. Baƙo ba ya mallakar ƙasa a Tailan. Zai iya sayen ɗaki a dogon bene, muddin abin da baƙi suka mallaka a ginin bai haura kashi 49 cikin 100 ba. Zai iya hayar fili na shekara 30. In kuma ya ba matarsa kuɗi ta saya, sai ya sa hannu a ofishin ƙasa cewa kuɗin nata ne, ba shi da haƙƙi a filin. A kasuwanci ma, galibin sana'o'i dokar 1999 ta taƙaita hannun jarin baƙo a ƙasa da rabi, kuma kamfanin da ke son ɗaukar baƙo ɗaya aiki sai ya kasance da ma'aikata 'yan ƙasa huɗu. Wasu sana'o'in, kamar aski, da tausar gargajiya, da yi wa masu yawon buɗe ido jagora, an killace su ga 'yan ƙasa kawai.

Bature na ganin wannan ƙyamar baƙi ce. Ni kuwa ina ganin mutane ne da suka riƙe tarihinsu. Tailan, wadda ake kira Siyam har zuwa 1939, ita kaɗai ce a kudu maso gabashin Asiya ba a yi wa mulkin mallaka ba, amma ba a banza ta sha ba. A 1855 Ingila ta sa ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Bowring, wadda ta ƙayyade harajin kayan da ake shigo da su a kashi 3 cikin 100, ta kuma cire 'yan Ingila daga hannun alƙalan ƙasar: in sun yi laifi, jakadansu ne zai yi musu shari'a. Sauran ƙasashen Turai suka biyo sahu, kowa ya karɓi irin wannan gata. A 1893 jiragen yaƙin Faransa suka kutsa kogin Chao Phraya har Bankok, Sarki Chulalongkorn ya sallama ƙasar da ke gabashin kogin Mekong, wadda ta zama Laos. A 1909 ya sake sallama wa Ingila jihohin Malay huɗu, Kedah da Kelantan da Terengganu da Perlis. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ƙasar ta gama kwance wuyanta daga waɗannan yarjejeniyoyi. Al'ummar da ta shafe fiye da shekara 80 tana kallon baƙo ya fi ƙarfin kotunta, ba za a zarge ta ba don ta ce ƙasa kam ba ta sayarwa ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kuma tsoron nasu yana da hujja a yau ɗin nan ma. A Fabrairun 2024 aka zargi wani ɗan Suwizalan a Phuket da harbin wata likita 'yar ƙasar da ƙafa, saboda ta zauna a kan matakalar da ke gaban gidansa a bakin teku. Da aka bincika, matakalar a filin jama'a aka gina ta. Ɗaruruwan mutanen tsibirin suka fito suka taru a bakin tekun, hukuma ta soke bizarsa. A ƙasar da ake ɗaukar ƙafa a matsayin mafi ƙasƙancin gaɓa, har nuna mutum da ita cin mutunci ne, mai karatu zai fahimci dalilin da ya sa abin ya tayar da ƙura haka. Wannan da doka ta hana baƙo mallakar fili ke nan. Ina ga an sakar masa mara?

Akwai wani ɓangaren kukan da nake tausaya wa matuƙa, na tsofaffin da lissafi ya juya musu baya. Wanda ya kai shekara 50 yana son zaman ritaya sai ya nuna baht 800,000 a bankin ƙasar, ko kuɗin shiga na 65,000 a wata. Mai mata 'yar ƙasa 400,000 ne, ko 40,000 a wata. Ɗan Ingilan da ya tattara komai nasa ya zo a tsakiyar shekarun 2000 ya tarar fam ɗaya na canzuwa a wajen baht 70. Zuwa 2019 ya faɗo ƙasa da 40. Ga shi gwamnatin Ingila ba ta ƙara kuɗin fanshon wanda ke zaune a Tailan. Abin da ya fara karɓa shi zai ci gaba da karɓa har ya mutu. A farkon 2019 ɗin nan ofisoshin jakadancin Ingila da Amurka da Ostireliya suka daina ba da wasiƙar shaidar kuɗin shiga, Tailan kuma ta tsaurara sharaɗin barin kuɗin a banki na wasu watanni. Daga Janairun 2024 aka sauya yadda ake fassara dokar haraji a kan kuɗin da mazaunin ƙasar ya shigo da su daga waje. Dattijo mai shekara 75, da ya sayar da gidansa na can, ba shi da wurin komawa, dole hankalinsa ya tashi. Sai dai ya dace ya duba ya ga rabin wannan wahala daga gida ta biyo shi. Ya kuma tuna cewa in da matarsa ce za ta bi shi Ingila, tun Afrilun 2024 sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, ita kuma ta ci jarrabawar Turanci kafin a ba ta biza. Tailan ba ta taɓa tambayarsa ko ya iya gaisuwa da harshenta ba.

A nan ne na fi ganin laifin masu kuka. Mutum zai yi shekara 15 a Pattaya ko Hua Hin, abin da ya iya bai wuce “nawa ne” da “na gode” ba, sannan ya ce mutanen ƙasar ba sa buɗe masa zuciya. Harshen Tai yana da wuya, gaskiya ne: baƙaƙe 44, ga karin sauti biyar da ke sauya ma'anar kalma. Amma 'yan ci-ranin Myanmar da ke ɓare jatan lande suna koyonsa a bakin aiki, ba malami ba littafi. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma harshe ne sandarsa.

Rashin harshen ne ke sa yawancinsu su kasa gane abin da Bahaushe zai gane nan take. Akwai abin da mutanen Tailan ke kira “kreng jai”, wato nauyin da mutum ke ji na kada ya takura wa wani ko ya ɓata masa rai. Kara ce da kawaici, ba wani abu ba. Magini zai ce maka gobe zai gama alhali ya san sai mako mai zuwa, don yana jin nauyin ya ce maka ba zai yiwu ba. Ma'aikaciya za ta ajiye aiki ba sallama maimakon ta tsaya ta ce wa maigida ya yi kuskure. Bature na fassara wannan da ƙarya. Shi an rene shi a kan cewa faɗar magana gatsau ita ce gaskiya, saboda haka in abu ya ɓaci sai ya ɗaga murya a gaban jama'a, yana zaton hakan zai sa a gyara. A can kuwa wanda ya ɗaga murya shi ya zubar da girmansa. Suna yabon “jai yen”, sanyin zuciya, suna ƙin “jai ron”, zafinta. Wanda ka kunyata a bainar jama'a ka sa ya “rasa fuska”, in ji su, abin da mu muke kira cin fuska. Zai yi maka murmushi, amma takardarka ta koma ƙasan tari ke nan. Ba na cewa wannan ɗabi'a ba ta da illa. Kara takan rufe ɓarna, mu shaida ne a kan haka. Amma wanda ya zo garin mutane shi ke da nauyin koyon yadda ake neman abu a wurinsu.

Haka batun surukai. A yankin Isan na arewa maso gabas, a larduna irin su Udon Thani da Khon Kaen da Buriram, akwai ƙauyuka da yawa da Turawa suka yi aure suka zauna. Alaƙar ta samo asali tun zamanin yaƙin Biyetnam, lokacin da sojojin Amurka ke da sansanoni a yankin. Kukan mazajen nan kusan ɗaya ne: an mai da su rijiyar kuɗi. Ga “sin sod”, dukiyar auren da ake ba iyayen amarya, ga kuɗin da matar ke tura wa uwarta duk wata, ga ƙanen da ke son babur. Ba shakka akwai waɗanda aka yaudara aka tatse. Amma ɗan alawus ɗin da gwamnatin Tailan ke ba tsofaffi daga baht 600 ne zuwa 1,000 a wata, gwargwadon shekaru. 'Ya'ya su ne fanshon manomin shinkafa. 'Yar da ta samu wadata ta bar iyayenta cikin rashi ta zama abin nuni a ƙauye, butulu. Mijin da ya fito daga ƙasar da hukuma ke kula da tsofaffi yana ganin ana cutarsa ne, ita kuwa matar tana sauke nauyin da ba ta da fuskar da za ta guje masa. Wanda ya auri mace a irin wannan al'umma ya auri gidansu, kuma da ya tambaya kafin ɗaurin aure da an gaya masa.

To ina ciwon na gaske? Yana wurin mutumin da ya yi duk abin da ake so. Ya koyi harshe, ya yi aure, ya rene 'ya'ya 'yan ƙasa, ya je jana'izar surukinsa, maƙwabta sun san shi sun yarda da shi, amma a idon doka matsayinsa bai wuce na wanda ya sauka bara ba. Takardar zama na dindindin ana ba mutum 100 ne kacal daga kowace ƙasa a shekara, kuma sharuɗɗanta sun fi karkata ga mai aiki mai biyan haraji, ɗan fansho ba ya ciki. In matarsa ta rasu, hujjar zamansa ta tafi tare da ita, sai ya nemi wata kafin hatiminsa ya ƙare. In ya gaji filin da gidansu ke kai, a mafi yawan lokuta sai ya sayar cikin shekara guda. Baƙuwar da ta auri namiji ɗan ƙasar ba a neman ta nuna baht 400,000, hanyarta ta zama 'yar ƙasa ma ta fi sauƙi. Ban ga abin da Tailan za ta rasa ba in ta ce wanda ya shekara goma da aure, ba shi da laifi a kansa, ya huta da rahoton kwana 90, a ba shi hatimin shekara biyar. Kare ƙasa daga masu kuɗin waje abu ne daban, sa uban 'ya'yanka cikin zullumi kowace shekara kuma abu ne daban.

Ciwo na biyu shi ne tsoron magana. A Tailan ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, har shekara biyu in an wallafa shi. A 2020 wani Ba'amurke ya rubuta suka a intanet kan wani otal a tsibirin Koh Chang, aka kama shi, ya kwana biyu a tsare, bai tsira ba sai da ya nemi afuwa a fili. Sashe na 112 na dokar laifuka kuma ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya taɓa martabar sarauta. A Afrilun 2025 an tuhumi wani malamin jami'a Ba'amurke, Paul Chambers, da shi, kafin masu gabatar da ƙara su janye. A nan kukan Bature daidai ne, sai dai 'yan ƙasar ne suka fi shan wuyar waɗannan dokoki. Shi a ƙarshe akan yi masa afuwa ko a sa shi a jirgi. Su kuwa ɗalibai da lauyoyinsu suna kurkuku. Haka ma titi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum sama da 22,000 ke mutuwa a hatsarin mota a ƙasar duk shekara, mafi yawansu a kan babur, kuma galibinsu 'yan ƙasar ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu wannan kuka ba sa waiwayawa su ga na bayansu a layi. Ɗan Ingila ko Jamus yana shiga Tailan ba biza. A Yulin 2024 aka faɗaɗa wannan gata ga ƙasashe 93. Ɗan Najeriya ba ya ciki. Shi kafin ya nemi biza ma an saba neman ya kawo takardar wanke kai daga hukumar NDLEA. 'Yan kasuwarmu da ke sarin kaya a kasuwar Pratunam, ko suke sauka a unguwar Nana, duk a Bankok, sun san samamen da 'yan sanda suka riƙa kaiwa a 2017 da 2018 ƙarƙashin babban jami'in 'yan sanda Surachate Hakparn, inda baƙar fata kaɗai ta isa a tare mutum a nemi fasfo, a wani lokacin har a gwada fitsarinsa. A ƙasa da su kuma akwai miliyoyin 'yan Myanmar da Kambodiya da Laos, masu gina benayen da Turawa ke saye, masu kamun kifin da ake ci a otal-otal. A Afrilun 2008, a lardin Ranong, mutum 54 daga Myanmar suka mutu saboda rashin iska a cikin motar dakon kifi da ke kai su Phuket neman aiki. Waɗanda suka rayu, tuhumarsu aka yi da shiga ƙasa ba izini.

Muryar farang tana da nauyi, an kuma gani. A 2019 hukuma ta farfaɗo da wani sashe na dokar shige da fice ta 1979, wanda ya wajabta wa mai gida ya kai rahoton duk baƙon da ya kwana a wurinsa cikin awa 24, da takardar da ake kira TM30. Mutum ya je wani lardi ya kwana biyu ya dawo gidansa, sai a sake kai rahoto. Turawa suka yi ca, ƙungiyoyin 'yan kasuwar waje suka sa baki, jaridun Turanci na Bankok suka yi ta bugawa. Zuwa Yunin 2020 an sassauta dokar. Wata shida bayan haka, a Disamba, cutar korona ta ɓarke a babbar kasuwar jatan lande ta Mahachai da ke lardin Samut Sakhon. Aka zagaye kasuwar da ɗakunan kwanan ma'aikata 'yan Myanmar da waya mai ƙaya, masu ciwo da masu lafiya duk a ciki, aka ajiye masu gadi a ƙofa.